Yadda Ake Shirya Darasi a Fuskar Waya Don Ɗalibi Ya Karanta Ya Fahimta

A Maradi a yau, daga unguwar Zariya zuwa Bagalam da Ali Ɗan Sofo, da wuya a sami ajin kwaleji ko na lise da ba shi da zaure a WhatsApp, inda malami yake tura darasi da yamma, ɗalibai kuma su buɗe shi a wayar uba, ko ta yaya, ko tasu ta kansu ga waɗanda Allah ya hore wa. Littattafai ba sa isa, kuɗin fotokofi kuma sun yi wa iyaye da yawa nauyi, shi ya sa waya ta zama hanya mafi sauƙi ta isar da rubutu ga yara. Ni ma da ita nake aiki, kuma na daɗe ina ɗauka cewa da zarar alamar shuɗi biyu ta bayyana a ƙasan saƙo, to na sauke nauyin da yake kaina.

Wata rana cikin bazara, ana saura ƴan makonni a zauna jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji, na tarar da wata ɗalibata a inuwar dogon yaro tana karanta darasin da na aika a daren da ya gabata, shafi huɗu na PDF a kan yadda jini yake zagayawa a jikin mutum. Na tsaya daga bayanta ina kallo. Ta sa yatsu biyu ta buɗa rubutun har ya yi girman da ido zai iya gani, ta karanta rabin layi, ta ja shafin gefe ta karanta ragowar, sannan ta mayar da shi don ta kama layi na gaba, sai ta faɗa kan wanda ta riga ta karanta. Sau uku na ga hakan ta faru a sakin layi guda. Na ce mata, "Ƴata, kin gane darasin kuwa?" Ta ce, "Mushe, sau biyu na karanta shi, amma kafin in kai ƙarshen layi sai farkonsa ya ɓace mini." Yarinyar ba ta da laifi, darasin ma babu kuskure a cikinsa. Yadda na zuba shi a fuskar waya ne ya cinye ƙarfin da ya kamata ta kashe wajen fahimta.

Kafin a shiga matakai, yana da kyau malami ya san yadda ido yake karatu, domin daga nan ne duk sauran dalilai suka samo tushe. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan ido Bafaranshe, Louis Émile Javal, ya bayyana cewa ido ba ya bin layi a sulale kamar ruwa a kwata. Tsalle yake yi, ya tsaya kimanin rubu'in daƙiƙa ya ɗebi ƴan haruffa, ya sake tsalle, idan ya kai ƙarshen layi kuma ya yi dogon tsalle guda ya koma farkon na ƙasa. Wannan komawar ita ce wurin da ake yawan ɓata. A gefe guda kuma, abin da hankali yake iya riƙewa a lokaci ɗaya kaɗan ne ƙwarai, don haka duk ɗawainiyar da aka ɗora wa ɗalibi ta neman layi, ko jan shafi, ko tantance wani harafi da bai fito sosai ba, daga rabon fahimta ake cire ta.

Mataki na farko shi ne malami ya raba abin da zai tafi ta waya da abin da dole sai ya sauka a takarda. A 2018 wasu masu bincike, Pablo Delgado da Ladislao Salmerón na Jami'ar Balensiya a Sifen tare da abokan aikinsu, sun tattara bincike 54 da aka yi da mutane fiye da 170,000, suka gano cewa idan rubutu na bayanin ilimi ne, irin na kimiyya ko tarihi, masu karanta shi a takarda sun fi fahimta da ɗan rinjaye, musamman idan an ƙayyade musu lokaci. A wajen labari da ƙagaggen zance kuwa ba a ga wannan bambanci ba. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne tazarar ba ta ragu ba daga 2000 zuwa 2017, duk da cewa matasa sun ƙara sabawa da na'urori a tsawon shekarun, saboda haka maganar da muke yi cewa yaran yanzu da waya aka haife su ba hujja ba ce. A ƙasar Nowe ma, a 2013, Anne Mangen ta gwada ɗalibai 72 masu shekara 15 zuwa 16, wasu suka karanta a takarda wasu a kwamfuta, na takarda suka fi amsa tambayoyin fahimta.

Wannan ba ya nufin a jingine waya, domin a halin da muke ciki wayar ce sau da yawa take tsaye tsakanin yaro da rashin darasi gaba ɗaya. Abin da yake nufi shi ne a yi rabo da hankali. Taƙaitaccen bayani, tambayoyin gida, ma'anar kalmomi, labari don koyon harshe, da hoto mai launi wanda fotokofi zai baƙanta, duk waɗannan waya ta dace da su. Dogon darasi mai sarƙaƙiya, hujjar lissafi mai matakai da yawa, jadawali mai faɗi, da taswirar da sai an ga gabas da yamma a lokaci guda, waɗannan idan kuɗin buga shafi biyu kawai ake da su, to a kansu za a kashe.

Mataki na biyu shi ne a aika rubutu a matsayin rubutu, a daina aika hotonsa. Wannan shi ne gyaran da ya fi kowane tasiri. Faɗin takardar A4 santimita 21 ne, faɗin fuskar yawancin wayoyi kuwa bai wuce santimita 7 ba, don haka shafin da aka tsara don A4 idan ya shiga waya sai ya koma kashi ɗaya cikin uku na girmansa, harafi mai lamba 12 ya dawo kamar mai lamba 4, ƙanana kamar ƙwayar gero. PDF kuma ba ya sake jera layukansa don ya dace da fuskar da ya samu, yadda aka ɗaure shi haka yake zama. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta darasin kai tsaye a cikin saƙo, domin rubutun saƙo yana karyewa daidai da faɗin kowace waya, yana bin girman harafin da mai wayar ya zaɓa, kuma megan da yake ci bai taka kara ya karya ba.

Idan darasin yana da zane ko alamomin lissafi waɗanda saƙo ba zai ɗauka ba, to a yi PDF, amma a yi shi don waya tun daga farko. A buɗe Word ko makamancinsa, a shiga wurin zaɓen girman takarda, a bar A4 a ɗauki A6, wadda faɗinta santimita 10.5 ne, tsawonta 14.8. A rage bakin shafi ta kowane gefe zuwa kamar rabin santimita, a sa harafi a lamba 14, sannan a fitar da shi a matsayin PDF. Shafin da aka yi haka yana cika faɗin fuskar waya daidai, ana karanta shi ba tare da an buɗa ko an ja gefe ba, kowane layi kuma yana ɗaukar haruffa 35 zuwa 40. Shafukan za su yi yawa, darasin shafi huɗu yana iya komawa goma sha biyar ko fiye, amma wannan ba aibu ba ne, sai dai a tabbata an sa wa kowane shafi lamba, domin ɗalibi ya san inda ya tsaya, malami kuma ya iya cewa a duba shafi na tara.

Akwai ranar da ba makawa sai an ɗauki hoton allo ko na shafin littafi. A irin wannan rana a tsaya daidai gaban allon, kada a ɗauka daga gefe, a guji hasken taga da yake wanke alli, a raba allon gida biyu ko uku kowane da hotonsa, a goge ƙurar da take kan idon kyamara, wadda a lokacin hunturu ita kaɗai ta isa ta dusashe rubutu. Wajen aikawa kuma a tura shi ta hanyar aika takarda, wato inda wayoyinmu suke rubuta Document, domin idan aka tura shi a matsayin hoto na yau da kullum WhatsApp yana matse shi, ƙananan haruffa su narke.

Mataki na uku ya shafi zubin haruffa, wato salon da aka zana su da shi a na'ura, kuma a nan mu Hausawa muna da wata matsala ta kanmu wadda masu rubuta shawarwari daga Turai ba su san da ita ba. Rubutunmu yana da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sannan a Nijar muna rubuta ƴ a inda maƙwabtanmu na Najeriya suke sa waƙafin sama kafin y. Lanƙwasar ba ado ba ce, ita take raba ƙura da kura, baƙi da baki, ƙafa da kafa, ɗa da da. Babba wanda ya ƙware yana iya cike giɓin daga ma'anar jimla ba tare da ya lura ba, amma yaron da yake koyon karatu idan ya ga "kura ta tashi" a inda ake nufin ƙura, to dabba zai gani a ransa, kuma idan ya saba ganin kalma babu lanƙwasa haka zai riƙa rubuta ta. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025, nauyin kula da wannan ya ƙaru a kan duk mai rubuta wa yara.

Abu biyu ake yi. Na farko, malami ya ƙara Hausa a cikin harsunan madannin wayarsa. Gboard, wanda yake kan yawancin wayoyin Android, yana da ita, kuma da an ƙara ta baƙaƙen masu lanƙwasa suna samuwa. Na biyu, ya zaɓi zubin haruffan da yake ɗauke da su. Zubi da yawa masu kyan gani ba su da ƙ ko ƴ, kuma idan na'ura ta rasa harafi sai ta aro shi daga wani zubi dabam, ya fito a karkace ko ya fi ƴan uwansa girma, ko kuma ta ajiye ɗan akwati fanko a gurbinsa. Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su duka. Haka ma Charis da Andika na ƙungiyar SIL, kuma duk kyauta ake sauke su. Ga ƴan firamare Andika na fi so, domin don masu koyon karatu aka ƙera shi: harafin a yana fitowa kamar yadda malami yake rubuta shi a allo, kuma ba a rikita ƙaramin l da babban I da lamba 1. Mai rubuta ajami shi ma ba a bar shi a baya ba, akwai Alkalami da Harmattan daga ƙungiyar, na farkon an zana shi ne a kan salon rubutun hannu da aka saba da shi a ƙasar Hausa.

A nan akwai wani tarko. Idan aka aika fayil ɗin Word, wayar ɗalibi tana iya musanya zubin da aka zaɓa da wanda take da shi, aikin ya rushe. PDF kuwa yana tafiya da haruffansa a cikinsa, shi ya sa ya fi aminci idan an bar rubutun saƙo. Darussan Faransanci ma suna buƙatar irin wannan kula, domin à da a, ko où da ou, ƴar alama ce kawai a saman harafi ta raba su, kuma ita ce farkon abin da yake ɓacewa idan harafi ya ƙanƙance. Zubi mai kama da rubutun hannu ko mai ƙawa a bar shi ga katin biki, kuma kada a haɗa fiye da zubi biyu a darasi ɗaya.

Mataki na huɗu shi ne tsarin layi. Ƙa'idojin da hukumar W3C mai tsara ma'aunan intanet ta fitar a 2008 don sauƙaƙa karatu sun ba da shawarar kada layi ya wuce haruffa 80, tazarar da take tsakanin layi da layi ta kai ɗaya da rabi, kuma kada a miƙar da rubutu ya daidaita ta gefe biyu. Masu buga littattafai tun da daɗewa suna ganin haruffa 45 zuwa 75 su ne daidai. A waya layi gajere ne da kansa, amma a kwamfuta, inda ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da na manyan makarantu suke yawan karatu, layi yana iya miƙewa daga wannan gefe zuwa wancan har ya haura haruffa 150, ido ya kasa gane hanyar komawa. A irin wannan hali a tsuke tagar karatun zuwa rabin allo. Rubutu ya jingina da hagu kawai, dama a bar ta yadda ta zo, domin idan aka tilasta wa gajeren layi daidaituwa ta gefe biyu, sai manyan ramuka su buɗe tsakanin kalmomi. Kada a rubuta jimla da manyan baƙaƙe zalla, domin binciken Miles Tinker na Jami'ar Minesota ya nuna tun shekaru da dama cewa sun fi ƙanana jinkirin karantuwa. Ga yaron da haruffa suke cakuɗe masa kuwa, wani bincike na 2012 da aka yi da yara a Italiya da Faransa ya nuna cewa ƙara tazara tsakanin harafi da harafi yana rage kurakuransu, kuma wannan abu ne da malami zai iya yi a Word cikin minti ɗaya.

Mataki na biyar shi ne launi da haske. Baƙin rubutu a kan fari, ko a kan fari mai ɗan ruwan ƙwai, shi ne asali. Toka-toka a kan fari, ko rawaya a kan kore, ko rubutu a kan hoto, duk suna ɓacewa da zarar yaro ya fita tsakar gida, domin ranar Maradi a watan Afrilu ba ta barin komai a fuskar waya sai abin da yake da ƙarfin bambanci. Kada a dogara da ja da kore kaɗai wajen raba daidai da kuskure, domin akwai yara, galibi maza, da ba sa bambance launukan biyu, kuma da yawansu ba su ma san haka ba. A haɗa launin da kalma ko alama. Game da farin rubutu a kan baƙi, wanda matasa suke so don yana rage cin batir a wasu wayoyi, gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Duseldof a Jamus sun nuna cewa mutane sun fi tsinto kurakurai a rubutu idan baƙi ne a kan fari, saboda hasken yana tsuke ƙwayar ido, gani ya ƙara kaifi. Mai yanar ido ko wanda haske yake damunsa yana iya fin jin daɗin baƙar fuska, don haka a bar masa zaɓinsa. Da dare idan wuta ta ɗauke, kada yaro ya zauna cikin duhu ƙirin da waya mai cikakken haske a gabansa. A kunna ƴar fitila mai caji a gefe, a rage hasken wayar har ya yi kusa da na ɗakin.

Mataki na shida shi ne yanka darasi, kuma a nan ba mu buƙatar aro daga ko'ina, domin makarantar allo ta riga kowa. Malamin allo ba ya rubuta wa ƙaramin almajiri hizbi guda a rana. Yana rubuta masa ƴan layuka da baƙaƙe manya-manya, da tazara mai yalwa, ya biya masa, yaro ya koma gefe ya maimaita har ya zauna, ya dawo ya kawo hadda, sai a ba shi izinin wankewa a yi masa sabon rubutu. Girman allon ne yake ƙayyade yawan karatun, kuma ba a ƙara masa sai ya riƙe na baya. Fuskar waya ma allo ce ƙarama, amma ba ta da ƙarshe, yatsa yana ta ja rubutu yana ta ɓullowa, babu inda aka ce wa yaro ya tsaya. Malami ne zai sa wannan iyaka da hannunsa.

Yadda ake yi shi ne kowane saƙo ko shafi ya ɗauki magana ɗaya, wadda za ta iya zama a fuska guda ko ɗaya da rabi. A sa mata take a sama, kuma taken ya faɗi abin da yake ciki, "Me ya sa jini yake bi ta huhu?" ya fi "Kashi na biyu" amfani. A WhatsApp idan aka sa kalma tsakanin taurari biyu tana fitowa da kauri, sai a yi wa take da kalmomi biyu ko uku mafiya muhimmanci haka, kada a wuce, domin idan an kaurara rabin shafi ido ya rasa inda zai sauka. Akwai dalilin da ya sa farkon layi da farkon sakin layi suke da daraja: a 2006 Jakob Nielsen ya bi motsin idon mutane 232 suna duba shafukan intanet, ya ga suna karanta layukan sama sosai, sannan su gangara ta gefen hagu suna tsintar farkon layuka kawai. Yaran da suka saba da Facebook da irin wannan ido suke zuwa wa darasi, don haka a sa jigon magana a jimlar farko, bayani ya biyo baya.

Zane kuma ya zauna tare da bayaninsa. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya ya daɗe yana gwada wannan, kuma sakamakonsa shi ne ɗalibi ya fi koyo idan sunan kowane sashe yana jikin zanen, maimakon a sa lambobi a zane sannan a jera ma'anarsu a wani shafi. A waya abin ya fi tsanani, domin idan zanen zuciya yana sama, bayaninsa kuma sai an ja fuska uku kafin a kai gare shi, yaro ba zai taɓa ganin su tare ba. Saƙon murya yana da amfani ƙwarai, musamman idan darasin da Faransanci yake malami kuma ya yi ƙarin haske da Hausa, amma ya fi kyau ya raka zane, ana kallo ana saurare, kada ya zama malami yana faɗin wasu kalmomi yaro kuma yana karanta wasu dabam a lokaci guda. Furanni, da hotuna masu motsi, da alamomin dariya a cire su daga jikin darasi.

Mataki na bakwai a wayar ɗalibi ake yin sa, kuma ya cancanci malami ya ware masa rubu'in sa'a a farkon shekara, ko a taron iyaye. A shiga Paramètres, wato wurin saita wayar, a nemi Affichage, a ƙara girman harafi har yaro ya iya karantawa wayar tana nesa da idonsa kimanin santimita 40, ba tare da ya sunkuya ko ya tsuke ido ba. WhatsApp ma yana da nasa wurin ƙara girman rubutu a ƙarƙashin Discussions. A tsawaita lokacin da fuska take ɗauka kafin ta mutu, domin kada ta riƙa duhu yaro yana tsakiyar tunani. Sannan, da an sauke darasin, a kashe intanet ko a sa wayar a mode avion har a gama. Wannan yana adana mega da batir, amma babban amfaninsa shi ne yana toshe saƙonnin da suke faɗowa daga sama, waɗanda kowane ɗaya yake tsinke zaren karatu. Idan wayar ta uba ce kuma ana yawan kiransa, gara a tsayar da lokaci sananne, kamar bayan sallar isha'i, a ba yaro minti talatin cikakku. Yaron da aka ƙara masa girman harafi amma har yanzu yake manna waya a fuska ko yake kukan ciwon kai, a kai shi a auna idonsa.

Mataki na takwas shi ne yadda ɗalibi zai yi karatun kansa, kuma shi ne wanda na fi nanatawa a aji. A 2011 Rakefet Ackerman da Morris Goldsmith sun gwada ɗaliban jami'a, suka ga masu karatu a allon kwamfuta suna zaton sun fahimta fiye da yadda suka fahimta a zahiri, don haka suna saurin rufe karatu. Na ga wannan da idona sau da yawa: yaro ya ja darasi daga sama har ƙasa cikin minti uku, ya ce ya gama, kuma da gaskiyarsa yake faɗa. Maganin abin shi ne kada a buɗe darasi a waya sai da kaye da bik a gefe. Ya karanta yanki ɗaya, ya kife wayar, ya rubuta abin da ya riƙe da kalmominsa cikin layi biyu ko uku, sannan ya buɗe ya gwada da abin da yake rubuce, ya gyara inda ya kauce. Zanen ma ya sake zana shi da hannunsa. Binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna cewa bayan mako guda, waɗanda suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa riƙe shi, wanda shi ne dai kawo hadda da muka sani. Malami zai taimaka idan ya rufe kowane yanki da tambaya ɗaya, ya kuma ce a kawo amsar a rubuce a kaye washegari, domin amsar da aka tura ta waya ana iya kwafo ta ba tare da ta bi ta kai ba.

Ido ma yana da haƙƙi. Mutum yana ƙifta ido kimanin sau 15 a minti, amma idan ya ƙura wa waya yakan sauka zuwa sau 5 ko 7, ido ya bushe ya yi yaji, abin da iskar hunturu da ƙura suke ƙara tsanantawa. Likitocin ido suna ba da shawarar bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20. Idan an yanka darasi yadda aka faɗa, lokacin kife waya da rubutu a kaye shi ne lokacin wannan hutun.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji kafin aikawa. Malami ya tura wa kansa darasin, ya buɗe shi a waya mafi ƙanƙanta da tsufa da zai iya samu, irin mai tsagaggen gilashi da take hannun yawancin yara, ya fita da ita rana, ya karanta daga farko har ƙarshe da babban yatsa ɗaya. Idan ya buƙaci yatsa na biyu don buɗa wani wuri, ko ya ja shafi gefe, ko ya ga akwati a gurbin ƙ, to ya koma ya gyara. Wanda makarantarsa take da majigi ya yi irin wannan gwajin ta hanyar zama a bencin ƙarshe da rana tsaka, tagogi a buɗe kamar yadda suke a lokacin darasi, ya fara da harafi mai lamba 28, ya rage yawan layuka har sai ya karanta komai ba tare da ya miƙa wuya ba. Bayan an aika kuma, washegari ya zaɓi ɗalibai uku, ɗaya daga gaba, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga baya, ya karɓi wayar da kowannensu ya yi karatu da ita idan ta samu, ya ga yadda darasin ya fito a cikinta, ya tambaye su a wane shafi suka tsaya da kuma wurin da suka koma baya fiye da sau ɗaya. Wurin da biyu daga cikin ukun suka nuna, shi za a fara sake tsarawa kafin a tura darasi na gaba.